Yadda Ake Fita Shan Iska da Gashin Nama a Bakin Dam ɗin Tiga

Mazaunin birnin Kano yana da manyan ruwaye da zai iya zuwa ya dawo a yini guda: Tiga da Bagauda a ƙasar Bebeji, Challawa a Ƙaraye, Watari a Bagwai, da Tomas a wajen Dambatta. Dam ɗin Tiga shi ne babbansu. An gina shi a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974, kuma daga gare shi ne ruwan noman rani na Kadawa da Kura ke gangarowa. Daga birni tafiyar kusan kilomita 70 ce ta hanyar Zariya. Wannan bayani an ɗora shi a kan Tiga, kuma lissafin na mutum 12 ne, manya 8 da yara 4, a motoci biyu. Wanda zai je wani dam ɗin ko yawan mutanensa ya bambanta sai ya ƙara ko ya rage.

Mafi yawan aikin wannan fita a gida ake yin sa, ranar Juma'a da dare, idan Asabar za a fita. Waɗanda suka bar yankan nama da dakan yaji sai an isa bakin ruwa, su ne ake kiran La'asar ba su ci komai ba, yara na kuka, ƙuda ya rufe faranti.

Rana da lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. Ruwan dam ya cika bayan damina, ƙasa ta bushe, rana ba ta da zafin azo-a-gani, kuma nama yana jure hanya. Abin lura a wannan lokaci shi ne iskar hunturu, wadda ke cinye gawayi da sauri tana kuma watsa tartsatsi cikin busasshiyar ciyawa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, ƙanƙara ba ta kai azahar, yara kuma sukan galabaita. A damina hanyoyin da ke sauka bakin ruwa sukan zama laka, hadari kuma yakan taso ba sallama. Idan dole sai an je a waɗannan watanni, a rage tsawon zaman.

A guji Asabar ɗin ƙarshen wata, domin ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana hana zirga-zirga da safe har ƙarfe 10. A sauran ranaku, a bar gida ƙarfe 8, a isa kafin 10, a hura wuta 11, a ci abinci bayan sallar Azahar, a fara tattara kaya da an idar da La'asar. Ƙarfe 4:30 motoci su tashi. Hanyar Zariya cike take da tireloli, ba hanyar da za a so magariba ta riski mutum da yara a mota ba ce.

Kwana biyu kafin tafiya a kira wani ɗan yankin, ko direban da ke bin hanyar kullum, a tambaye shi lafiyar hanya da wurin da ake bari a sauka. Dam ɗin yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai masu gadi a wajen bangon da ƙofofin ruwa. Iyali ƙalilan sukan gaisa da su su nemi izini a baki, amma makaranta ko ƙungiya mai bas guda ta rubuta takarda tun da wuri. Kada a zarce kudu wajen dajin Falgore don neman wurin da ba kowa. Wurin da masunta da mutanen gari ke gani shi ya fi aminci.

Cefane

Babba yana cin ɗanyen nama giram 300 zuwa 350 idan akwai gurasa ko shinkafa a gefe, yaro kuma rabin haka. Saboda haka mutum 12 suna bukatar:

Naman sa kilo 3, na tsire. Kaji 2 manya. Kifi 4, wanda za a saya a can. Gurasa 20 ko masa 50. Albasa manya 10, tumatir 15, kokwamba 4, kabeji 1, lemon tsami 10. Man gyaɗa lita 1. Gawayi kilo 7 zuwa 8. Tsinken tsire 60. Fiya wata leda 4, wato lita 40, da jarka 2 masu lita 25 na wanke hannu da alwala. Kankana 2 da lemon zaƙi, waɗanda za a iya tsayawa a saya a 'Yan Lemo tunda a kan hanya take. A lokacin rani tumatir da albasa suna da araha a Kwanar Gafan, ita ma a kan hanya, amma tsayawa biyu ya isa, kada a mai da tafiyar yawon kasuwa.

Wajen nama ne ake yawan yin asara. A je Abbatuwa ko wurin mahaucin da aka saba da shi da safiyar Juma'a, a ce masa na tsire ake so. A nemi tsokar cinya marar jijiya, ko tantaƙwashi idan aljihu zai ɗauka, a haɗa da tozo ko kitse kamar giram 300. Naman wuya da na ƙwauri na miya ne, a wuta tauri suke yi komai ƙwarewar mai gashi. Nama ya zama ja mai haske, ba ya yauƙi, ba ya wari, idan an danna da yatsa ya dawo. Hanta da ƙoda suna da daɗi a tsinke, sai dai su ne ke fara lalacewa, don haka wanda ba shi da isasshiyar ƙanƙara ya haƙura da su.

Gawayi ma akwai mai kyau akwai na banza. A ɗauki mai nauyi, manyan gaɓoɓi, wanda idan an buga biyu yake ƙara kamar ƙarfe. Mai sauƙi da gari-gari minti 20 ya zama toka. Wanda bai gama ƙonewa ba, mai launin ƙasa-ƙasa a ciki, hayaƙi zai yi ta yi ya sa wa nama ɗaci.

Sauran kaya: abin gashi, mafici 2, ashana, tsohon kwali, wuƙa mai kaifi, katakon yanka 2, matsefin ƙarfe na juya nama, faranti manya 4, takardar alminiyom, tabarmi 4, sallaya, buta 2, sabulu, ledar shara manya 3, igiya mai tsawon mita 15, tocila, da ƙaramar shebur ko fartanya. A akwatin magani a sa bandeji, filasta, farasitamol, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. A riƙe kuɗi a hannu, ƙananan canji, domin masunta ba sa jiran tiransifa, sabis ma yakan ɗauke a bakin ruwa.

Juma'a da dare

A fara da yaji. Na kilo 3 na nama: dakakken ƙuli-ƙuli gwangwanin madara 4, garin citta cokalin cin abinci 4, barkono cokali 3, masoro cokali 1, kanumfari rabin ƙaramin cokali, kimba 2 da aka ɗan gasa aka cire 'ya'yan, garin tafarnuwa cokali 1, gishiri cokali 2, dunƙulen ɗanɗano 6. A daka, a tankaɗe. Ƙuli-ƙulin ya zama marar sukari kuma wanda aka matse mansa sosai. Mai sukari yana ƙonewa ya yi baƙi kafin naman ya gasu, mai maiƙo kuma dunƙulewa yake yi, ba ya barbaɗuwa. Kanumfari da kimba ba a cika su, kaɗan ya wuce ƙima sai ɗaci ya danne komai.

Kafin yajin ya taɓa nama, a ɗebi kashi ɗaya cikin uku a zuba a kwalba mai murfi. Wannan shi ne na ci. Yajin da ɗanyen nama ya shiga ba ya komawa kan gasasshe, ko da ya rage da yawa.

Sai yanka. Nama ya fi yankuwa idan ya yi sanyi ya ɗan ƙame, don haka a sa shi a firiza awa ɗaya, ko a kan ƙanƙara. A duba yadda zaren tsokar ya miƙe, a yanka a gicciye da shi, falle-falle, kaurin rabin santimita, faɗin yatsu uku. Yankan da ya bi zaren shi ke sa a yi ta tauna ba ya ƙarewa. A cire farar fatar da ke manne da tsoka. A jiƙa tsinke a ruwa minti 30 don kada ya ƙone, sannan a soka naman ana lanƙwasa shi yana shiga yana fita, a baza shi ya kwanta shimfiɗe. Kowane tsinke ya ɗauki kamar giram 60 da ɗan kitse guda a tsakiya, kilo 3 zai ba da tsinke 45 zuwa 50. Idan aka cusa nama ya dunƙule, waje zai ƙone ciki na ɗanye.

A shafa man gyaɗa sama-sama, a kwantar da kowane tsinke a cikin tiren yaji, a danna da tafin hannu ta kowane gefe, a karkaɗe. A jera a roba mai murfi a sa a firij.

Kaza hanya biyu ce. Ta farko, a tsaga ta ta baya a buɗe ta ta kwanta, a tsattsaga cinya da ƙirji har ƙashi, a shafa citta da tafarnuwa da gishiri da lemon tsami da mai, ta kwana a sanyi ɗanya. Ta biyu, wadda ta fi sauƙi ga mai yara, a tafasa ta da albasa da kayan ƙamshi har ta dahu, a tsame, a baza ta ta huce da wuri, a sa a firij, a can sai dai a yi mata gashin minti 15. Abin da ba a yi shi ne rabin dahuwa. Kazar da ta ɗumama ba ta dahu ba, ta kuma kwana, ita ce gidan ƙwayoyin cuta. Kazar Hausa tana da tauri, tafasawar ta fi dacewa da ita.

Gidan da wutar lantarki ba ta tsayawa, kada a dogara da firij. A sayi ƙanƙara da yamma, a shirya kula tun daren, a ƙara sabuwa da safe. Kula biyu ake bukata. Ta nama: ƙanƙara a ƙasa, robobin nama a rufe ruf a tsakiya, ƙanƙara a sama, kuma ƙanƙarar ta kai kashi ɗaya cikin uku na cikin kular. Ba a buɗe ta sai wuta ta kama. Ta sha daban, domin yara za su buɗe ta sau hamsin. Rabin fiya watan a daskarar da shi, ya yi aikin ƙanƙara da safe, ya zama ruwan sha da rana. Zoɓo da lamurje suna jure yini. Kunun aya ba ya jurewa, da ya bar sanyi sai ya yi tsami, idan za a tafi da shi a daskarar da shi kuma a fara shanye shi. Kabeji da tumatir a wanke su a gida amma kada a yanka, kuma kada a haɗa salak da mayonis.

Direbobi su duba iskar taya da safaya, jak, ruwan lagireto da birki, su cika tanki a gari.

Isa da zaɓen wurin zama

Ana bin Na'ibawa, a haye gadar Tamburawa, a wuce Kura da Ciromawa, sannan a bar babban titi a karkata wajen Bagauda da Tiga. Kular nama ta zauna a cikin mota inda ake da inuwa, ba a but ba, domin but yana ɗaukar zafi sosai.

Da an isa, babba ɗaya ko biyu su sauka su gaida mutanen wurin kafin a sauke ko tabarma. "Salamu alaikum, Baba, sannunku da aiki. Baƙi ne daga Kano, mun zo da iyali shan iska, ina ya dace mu zauna?" Wannan gaisuwa tana da amfani ƙwarai. Masunta sun san inda gaɓa ke zaftarewa, inda shanu ke sauka shan ruwa, da inda gonar wani ta fara. Idan akwai sarkin ruwa a kusa, a gaishe shi.

Wurin zama ya kasance a kan tudu, ƙarƙashin bishiya, taku 30 ko fiye daga ruwa. A ɗaga kai a duba ko akwai zuma ko rina a reshe, a share ganye, a juya duwatsu da sanda saboda kunama. Mota ta tsaya a ƙasa mai tauri, gabanta na kallon hanyar fita. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta takan bushe a sama alhali ƙarƙashinta taɓo ne, taya na hawa sai ta nutse. A ware wa mata da ƙananan yara tabarminsu a inda inuwa za ta daɗe, a tuna cewa inuwa tana komawa gabas bayan azahar. Alƙibla gabas ce, a ɗan karkata arewa. Kiɗa in za a sa, a sa shi ƙasa-ƙasa, kuma ba a ɗaukar mutanen gari ko ƙofofin dam hoto sai da izini.

Wuta

Rabin duro mai ƙafa da raga a kai shi ya fi, amma bulo 4 da raga sun wadatar, kurfoti babba ma yana yi wa mutum shida. Kada a ɗauko duwatsu daga cikin ruwa a yi murhu da su, ruwan da ke cikinsu yakan tafasa dutsen ya fashe. Ragar tsohon firij kuma tana da fenti ko roba a jikinta, ba ta dace da abinci ba. Tsakanin garwashi da raga ya zama kamar santimita 10 zuwa 12.

A kafa murhu ta inda iska za ta kwashe hayaƙi ta yi gaba da shi, nesa da tabarmi da motoci. A kankare ciyawa taku biyu ta kowane gefe har ƙasa ta bayyana, a ajiye bokitin ruwa kusa. A lokacin kaka karan dawa da harawa suna jibge a gonaki, tartsatsi ɗaya yana iya cinye abincin shekarar wani.

A tara gawayi kilo 3 ya yi tsini, a cusa yagaggen kwali da aka ɗiga wa man gyaɗa da 'yan ƙirare a ƙarƙashi, a kunna, a yi fifita daga ƙasa. Fetur haramun ne a nan, yana bin iska ya kama hannun mai zubawa da jarkar da ke hannunsa. Kalanzir da leda kuma warinsu yana shiga nama ba ya fita. A ba wutar minti 25 zuwa 30. Ta yi ne idan harshenta ya kwanta, farar toka ta lulluɓe garwashin. Ɗora nama a kan wuta mai harshe shi ne kuskuren da ya fi yawa, yunwa ce ke jawo shi, shi ya sa ake ba mutane kankana da gyaɗa su riƙe ciki.

Sai a baza garwashin gida biyu: tuli mai kauri a gefe ɗaya, shimfiɗa marar kauri a ɗaya gefen, a bar wani lungu babu komai. A gwada da tafin hannu a saitin raga. Inda ba a iya wuce ƙirga 3 ko 4, nan ne wurin tsire. Inda ake kai 6 ko 7, nan ne na kaza da kifi. A goge ragar da rabin albasa da aka tsoma a mai. Duk minti 40 a ƙara gawayi ta gefe, ya kama kafin a turo shi tsakiya.

Gashi

Ɗanyar kaza ce ke fara hawa domin ita ke daɗewa, minti 45 zuwa awa ɗaya. A kwantar da ita ta gefen ƙashi a wuta marar ƙarfi minti 20, sannan a juya ta gefen fata, a riƙa juyawa duk minti 10 ana shafa mai. Yaji sai a minti 10 na ƙarshe. A soka wuƙa a mahaɗar cinya: ruwan da ya fito ya zama fari tas, naman jikin ƙashi babu ja. Mai ma'aunin zafi ya ga digiri 74. Idan fata ta yi duhu ciki bai nuna ba, a naɗe ta a takardar alminiyom da albasa a mai da ita gefe minti 15.

Tsire a fito da shi kashi-kashi, tsinke 12 zuwa 15, sauran su zauna a kula. A jera a wuta mai ƙarfi, gindin tsinken ya leƙo waje. Minti 3 zuwa 4 a juya, a yayyafa mai, a sake minti 3 zuwa 4, a ƙara juyawa sau ɗaya, a barbaɗa yajin kwalba, a sauke. Duka bai wuce minti 10 ba. Idan kitse ya ɗiga wuta ta tashi, a janye tsinkayen zuwa lungun da ba garwashi har ta lafa. Watsa ruwa toka yake tayarwa ta manne a nama. Idan tsiren ya fito da tauri, ko dai an yanka da kauri, ko wutar ta yi sanyi ya daɗe yana bushewa. Idan yaji ya yi baƙi nama bai gasu ba, raga ta yi kusa da garwashi, a ƙara bulo. Wanda ya iya, yana iya tara ƙasa ya yi 'yar tukuba irin ta mahauta, ya kakkafa tsinkaye kewaye da wuta, sai dai a iskar hunturu gefe ɗaya ne ke gasuwa.

Wanda aka sauke a zuba a faranti mai tsabta da yankakkiyar albasa, a rufe minti 5. Farantin da ya ɗauko ɗanye, da katakon da aka gyara kifi a kai, ba sa karɓar gasasshe sai an wanke da sabulu. Mai gashi ma ya wanke hannu kafin ya taɓa gurasa. Gurasar a yayyafa mata ruwa kaɗan, a ɗumama ta a gefen raga minti ɗaya, a shafa mai, a barbaɗa yaji, a ɗora albasa da tumatir da kabeji.

Kifi da safe ake sayensa, lokacin da kwale-kwale ke dawowa, karfasa ko tarwaɗa. Sabo idonsa tas yake, jikinsa da ƙarfi, idan an ɗaga murfin gefen kansa cikin ja ne. A ba mai kifin ɗan wani abu ya kankare ya fasa cikin, a roƙe shi ya kula da maɗaciya, domin idan ta fashe ɗacinta yana bin naman duka. A wanke da ruwan jarka, a sa a ƙanƙara. Yauƙin tarwaɗa toka ko lemon tsami ke cire shi, kuma a karya ƙayoyin gefenta tun farko, sukarsu tana da zafi. A tsaga kowane gefe sau uku, a cusa dakakken attaruhu da citta da tafarnuwa da gishiri, a shafe da mai sosai. Karfasa mai rabin kilo tana son minti 8 zuwa 10 kowane gefe, juyi ɗaya tak. Idan an ɗaga ta ta ƙi sakin raga, ba ta isa juyi ba, a ƙara mata minti biyu. Tarwaɗa ta fi kyau a naɗe da albasa da tumatir, minti 25 zuwa 30.

Balangu na rago yana cin awa ɗaya da rabi ko biyu a wuta mai sanyi, ga gawayi mai yawa. A fitar farko a bar shi.

Abincin da aka gasa kada ya wuce awa 2 a buɗe, a ranar zafi awa 1. Wanda ya ƙone a hannu a zuba masa ruwa mai sanyi minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ko manja ba, sannan a rufe da bandeji mai tsabta.

Ruwan kansa

Wannan ne sashen da ya fi kowane muhimmanci, a faɗa wa kowa tun a mota: ba a shiga ruwa. Dam ba kogin gari ba ne. Ƙarƙashinsa tsohon kwari ne mai ramuka da kututturan itatuwa, mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya wuce kansa, laka kuma ta riƙe ƙafa. Manyan magudanan da ke ɗaukar ruwa zuwa gonaki sun fi haɗari: gefensu siminti ne mai gansakuka da santsi, ruwan yana gudu da ƙarfi ko da samansa ya yi lum, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa.

Akwai kuma tsargiya. Ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa marar gudu suna sakin tsutsar da ido ba ya gani, tana ratsa lafiyayyar fata, ba sai an sha ruwan ba. Wasan minti kaɗan a gefen gaɓa ya isa. Shi ya sa aka ce a zo da jarka biyu, don kada a yi alwala ko wanke kwano da ruwan dam. Wanda ya jiƙe bisa kuskure ya goge jikinsa da tawul nan take, ya canja kaya.

A naɗa babba ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba gashi, ba waya, a riƙa canja shi duk rabin awa, kuma wanda zai tashi ya kira sunan wanda ya karɓa. Idan aka ce kowa na kallo, babu mai kallo. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, shiru yake nutsewa cikin abin da bai kai minti biyu ba. A ja layi a ƙasa da sanda a ce nan ne iyaka.

Igiyar nan ta mita 15 a ɗaura ta a hannun jarkar da babu komai a ciki, a rufe murfinta tam, a ajiye kusa da gaɓa. Idan wani ya faɗa, a jefa masa jarkar, a ja daga tudu, a ƙwala wa masunta kira. Wanda bai ƙware a iyo ba kada ya bi shi, domin mai nutsewa yana ƙanƙame wanda ya zo cetonsa su tafi tare.

Masu kwale-kwale za su yi tayin zagayawa. Sharaɗi uku ne: rigar kariya ga kowane mai shiga, kada a wuce adadin da jirgin ke ɗauka, kuma ba a tashi tsaye don ɗaukar hoto. Idan babu rigar, a haƙura. Mutanen Kano ba su manta da jirgin da ya kife a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, wanda ya ci rayuka da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, kuma lodi fiye da ƙima na cikin abin da ya jawo shi.

Tashi

A daina ƙara gawayi tun ƙarfe 2:30. Da an yi La'asar a baza garwashin da shebur, a yayyafa ruwa a hankali ana juyawa har ya daina ƙara da tururi, a kai bayan hannu kusa a ji babu ɗumi, sannan a haƙa rami a binne. Rufe garwashi da ƙasa kawai ba ya kashe shi, yakan kwana da rai, yaro ko makiyayi marar takalmi ya taka. Kada a sa kurfoti mai sauran wuta a mota: gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana sa jiri da barci, tana kisa a rufaffen wuri.

A tsince leda, kwalba, takardar alminiyom da tsinkaye duka a koma da su gari. Shanu da awaki suna haɗiye leda ta toshe musu ciki, tsinke kuma yana huda ƙafa. Abincin da ya rage mai kyau a ba waɗanda suka taimaka tun yana da ɗumi, a yi wa masu gadi da masunta sallama da ɗan ihsani. Ɗanyen naman da ya saura, idan har akwai ƙanƙara a jikinsa, a dafa shi a daren. Idan ƙanƙarar ta narke ruwan ya yi ɗumi, a zubar. A ƙirga yara da suna kafin kowace mota ta tashi.

Idan wani ya taɓa ruwan dam, a sa masa ido na wata biyu zuwa uku. Ƙaiƙayi da ƙuraje a ranar, zazzaɓi bayan 'yan makonni, ko jini a ƙarshen fitsari, duk dalilin zuwa asibiti ne, a gaya wa likita an je dam. Gwajin fitsari ko na bayan gida ke nuna tsargiya, maganinta praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum.